Jan Lalle a Cikin Safa

A fasfona Ɗanjuma aka rubuta, amma duk wanda ya san ni da gaske Jummai yake ce mini. Abin da mutane ke kira ɗan daudu, to ni ce. Ni dai abin da na sani, tun ina ƙarama zuciyata ta mace ce, kuma ban aro ta a wurin kowa ba. A Kano funkaso da miyar taushe nake sayarwa, kuma wallahi har manyan da ke zaginmu a masallaci aike suke yi a sayo musu.

Ba zan tsaya ba ku labarin fitowata daga gida ba, sai dai a taƙaice. A bikin wata ƙawata aka zo da mota aka kwashe mu, aka yi mana aski a gaban kyamara, hoton ya shiga wayar kowa. Ga shi ana ta zancen za a ƙara tsaurara doka a kan namijin da ya sa kayan mata. Ƙawayena suka watse, wata Ikko, wata Kwatano, wata Agadas. Ni kuwa wani ejan ya ce akwai gidan abinci a Dubai da ke neman mai tuƙa tuwo. Na san sarai Dubai ba ta yarda da irinmu ba, dokarsu ma ta fi tamu zafi. Amma na ce ko ba komai, can ba wanda ya san fuskata.

Motar da ta ɗauke ni daga filin jirgi ba gidan abinci ta kai ni ba. Wucewa muka yi ta yi, dogayen benayen nan da ake gani a hoto suka ɓace, muka faɗa wata unguwa da ake kira Warsan, sito bayan sito, ba ko bishiyar arziki. Na ce wa direban, "Malam, ina tukwanen?" Ya nuna mini kwalaye jibge har rufi ya ce, "Yalla, yalla." Ejan ya karɓe fasfona da sunan zai gyara takardu, daga ranar wayarsa ta daina shiga. Ni Jummai da ko buhun gero ban taɓa ɗagawa ba, sai ga ni ina lodin kwantena da rana tsaka.

Nauyin kwali bai dame ni kamar nauyin zama namiji ba. A ɗakin da aka ajiye mu gadaje ne hawa-hawa, ƙarti ko'ina, banɗaki ɗaya. Sai da na koya wa kaina tafiya da buɗa ƙafa. Na hana kaina tafa hannu idan abu ya ba ni mamaki, na hana kaina riƙe haɓa, na hana kaina kama ƙugu. Muryata na tura ta can ƙasan maƙogwaro har sai da ta yi tsami. Na kuma bar gemu. Gemu fa, jama'a! Ran da na fara ganinsa a madubi sai da na ce, "Sannu bawan Allah, daga ina?"

A gadon da ke ƙasan nawa akwai wani tsoho ɗan Bangaladash, ban taɓa iya faɗin sunansa daidai ba, Baba kawai nake ce masa. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa. Ina jin ya gaji da jin shessheƙata ne, don wata rana na dawo daga aiki na tarar ya ɗaura tsohon zanensu na maza a jikin gadona ya zama labule. Ya nuna labulen ya ɗaga mini babban yatsa. A bayan ƙyallen nan nake sakin fuskata in huta. Ni kuma na karɓe masa girki, na riƙa zuba wa miyar wakensu yajin da na taho da shi, yana ci yana hawaye yana neman ƙari.

Ranar hutu na ji leburori na cewa a Satwa akwai kantin da ake samun kuka da daddawa. Na shiga mota na tafi, don ko warin daddawar ma so nake in ji. Unguwa ce ta teloli da ƙananan kantuna, ta ɗan yi kama da gida. A cikin kantin na tarar da wani dattijo mai jiki, sanye da farar jallabiya da hula, yana karya bakin kuɓewa ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Can ya ce da Hausa, shi kaɗai, "Wannan kuɓewar ai ta girmi kakata." Sai ya ɗora hannu a ƙugu ya karkace kai. Dariya ta kufce mini, na kai hannu na rufe baki, irin rufewar da na yi wata da watanni ina hana kaina. Ya juyo ya dube ni tun daga gemu har takalmi. Ni ma na dube shi.

A waje ya jira ni. Ya matso kamar mai tambayar hanya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke 'yar wace ce?"

Mu a wurinmu kowace tana da uwar ɗakin da ta raine ta, ta koya mata girki, ta raɗa mata suna, kuma da ita ake gane asalinki. Na ce, "'Yar marigayiya Hajiya Kilishi ce."

"La ilaha illallahu! Kilishi mai ɗan wake? Tare muka yi zaman Jidda, tabarma ɗaya! Ashe 'yata ce ke. To wa ya ce ki bar wannan tsintsiyar a haɓa? Biyo ni, kuma ki daina kuka a titi, akwai kyamara."

Ita ce Hajiya Tabawa, a takarda Tanko. Ɗakinta a saman shagon wani tela yake, an yanka shi da katako, idan ta miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Tana rufe ƙofa ta murza makulli, ta jawo akwati, ta jefo mini zane da ɗankwali. Na ɗaura zanen nan a ƙirji, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu, na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar aski. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini kwanon tuwo.

Ta ce, "Ki saurare ni, 'yar nan. A cikin ɗakin nan ke Jummai ce. Daga bakin ƙofar can, Ɗanjuma ne ke, har ki dawo. Nan ba a aski. Ɗauri ne, daga nan sai jirgi, a sauke ki inda kika gudo. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji.

Ita ta haɗa ni da Alhaji Mudi, wani dattijon Kano mai harkar tura kaya gida, wanda ya daɗe yana sayen tuwonta. Yana da babban filat a unguwar Muraƙƙabat da ke yankin Dera, inda 'yan kasuwarmu ke sauka idan sun zo saro kaya, kuma mai dafa musu abinci ya koma gida. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kullum cikin babbar riga ko da garin na tafasa. Gemunsa yana rina shi da lalle, amma rinin ba ya kamawa, sai ya fito wani fatsi-fatsi kamar an jiƙa shi da ruwan goro. Ya ɗanɗana miyar kukata sau ɗaya ya ce, "Halas," wato na samu aikin. Shi ya bi sawun ejan nan har ya ƙwato fasfona, ban san me ya faɗa masa ba. Ya mayar da bizata ƙarƙashin kamfaninsa. Ma'ana zamana a ƙasar a hannunsa yake, ran da ya ce ya fasa, ranar zan haɗa kaya. Da zan bar Warsan na mayar wa Baba zanensa, ya ƙi karɓa, har yau yana cikin jakata.

A Muraƙƙabat na dawo mutum. Kicin nawa ne ni kaɗai, da ɗan lungun kwana a gefensa mai ƙofa. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa, da yamma tuwo, alhazai na ci suna lissafin kwantena da Hausa da Larabci da Turanci duk a jimla ɗaya. Sai dai fa su 'yan Kano ne, kuma hoton nan a Kano ya yi yawo. Akwai wani Nura mai saro wayoyi, baki gare shi kamar rediyo, duk zuwansa sai ya tsura mini ido.

"Malam Ɗanjuma, wallahi na san fuskar nan. A ina ne?"

In tura murya ƙasa in ce, "A masallaci mana, Alhaji."

"A'a, ba masallaci ba ne. Zan tuna."

Duk ranar da ya faɗi haka, gishiri sai ya yi mini yawa a miya.

Da Babbar Salla ta matso kewar gida ta kama ni kamar zazzaɓi. Ba nama nake kewa ba, nama ai ga shi nan. Ƙunshi nake kewa. Tun da na yi wayo ban taɓa shiga Salla da farar ƙafa ba. A gida jajibere tsakar gidan Hajiya Kilishi muke cika, a kwaɓa lalle da lemon tsami, a yanka salatif a fitar da zane, a ɗaure ƙafafu a leda, mu zauna muna zolayar juna ba mai iya tashi. Na je Satwa da yamma na ce wa Hajiya Tabawa ƙunshi nake so.

Ta ce, "Kin haukace."

"Uwa, ƙafa kawai. Wa ke leƙa cikin safar kuku?"

"To tafin ƙafa kaɗai, inda ba a gani."

"Haba Uwa, tafin ƙafa ai na tsofaffi ne. Ni da salatif nake so, har idon sawu."

"Ji mini ja'ira, tsofaffi! To Allah ya shirye ki. Miƙo ƙafar."

Ta yi ta mita tana yankan salatif, amma wallahi ta fi ni jin daɗi. Ta zuba ruwan shayi mai kauri a kwaɓin, ta ɗiga mahallabiya. Da aka kwance ledar, ƙafafuna suka fito jajawur har suna ɗaukar ido. Muka zauna muna kallonsu mu biyu, ta ce ko a Jidda ba ta taɓa yin wanda ya kama haka ba. Sannan ta riƙe mini kunne ta ce alwala a gida kawai, safa kuwa ko barci kada in cire. Na kiyaye. Idi ya zo ya wuce lafiya, ba wanda ya san abin da na taka zuwa masallaci.

Juma'ar da ta biyo baya Alhaji ya ce in dafa shinkafa da yawa, ana lodin kwantenarsa a Warsan, zai kai wa leburori abincin Salla. Muka shiga mota da kuloli, ni da shi da Nura, don kayan Nura na cikin kwantenar. Na yi alwalata tun a gida. Amma tun asuba nake tsaye a kan tukunya, ga sanyin mota, barci ya kwashe ni, ban farka ba sai a ƙofar sito. Muna gama rabon abinci aka yi kiran salla, Nura ya ce, "Malam Ɗanjuma, ka sha barci har da minshari, sai ka sake alwala." Gaskiya ya faɗa, kuma a gaban mutane ya faɗa.

Wurin alwalar masallacin dogon layi ne na famfuna, kowanne da ɗan dutsen zama. Na zauna, Alhaji na damana, Nura na tsaye a bayanmu yana jiran wuri yana ta zuba a kan farashin waya. A raina na shirya cewa idan na zo ƙafa zan san dabarar da zan yi. To amma alwala ba da tunani ake yin ta ba. Abin da mutum ya yi sau biyar kullum tun yana yaro, hannu ne ke yi da kansa. Na wanke fuska, na wanke hannu, na shafi kai, na shafi kunne, kafin hankalina ya dawo hannuna ya riga ya zare safar dama. Ga ƙafata a ƙarƙashin famfo, ja har idon sawu, da zanen salatif ɗinta tsaf, ruwa na ƙara mata sheƙi.

Na ɗago, idona ya faɗa cikin na Alhaji. Ya gani. Wayyo ni Jummai, a lokacin har ƙarar injin askin nan na ji a kunnena.

Sai ya miƙe tsaye, bai ko gama tasa alwalar ba. Ya juya mini baya, ya buɗe hannuwa ya baza babbar rigarsa kamar mai gyara ta a kafaɗa, ta rufe ni ruf. Na ji yana cewa, "Nura, zo nan. Kwalayen nan naka guda nawa ka ce? Ban yarda da lissafin yaran nan ba." Nura ya hau rantsuwa yana ƙirga da yatsu. Alhaji ya yi ta ja masa musu yana kaɗa riga, har na wanke ƙafa ɗaya na mayar da safa, na wanke ɗayar na mayar, a jiƙe. Sannan ya sauke hannu ya zauna ya sake alwalarsa daga farko. Sallar nan dai na yi ta, amma ban san me liman ya karanta ba.

A hanyar dawowa bai ce mini uffan ba. Washegari ma haka. In ajiye masa abinci, ya ci, ya tashi. Na buga wa Hajiya Tabawa waya, ta yi salati ta sake yi, ta ce, "Ban gaya miki ba? Mutumin kirki ne, ya rufa miki asiri a gaban jama'a, amma rufin asiri daban, ci gaba da zama da ke daban. Haɗa jakarki ki ajiye." Na haɗa. Na yi ta goge ƙafafuna da lemon tsami da dutsen goge kaushi har suka yi jini, lallen Uwa ya ce bai san zancen ba.

Ana nan, wata safiya bayan baƙi sun fita kasuwa, ya ƙwala mini kira daga falo. Na zo na durƙusa nesa da shi. A gabansa akwai baƙar leda da wani ɗan kwano.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jakata a haɗe take. Abu ɗaya nake roƙo, kada a faɗa wa mutanen gida dalili."

Ya ce, "Wa ya tambaye ka jaka? Buɗe ledar nan."

Na buɗe. Huffi ne, safar fata irin wadda malamai ke sawa, baƙa, mai laushi, sabuwa fil.

"Na sa an taho mini da ita daga Kano, shi ya sa ka ji ni shiru. Ka yi alwalarka cikakkiya a gida ka saka. Idan ta karye a waje, shafa kawai za ka yi a kai, ba mai ce maka cire. A zafin nan za a ce ka cika tsoron Allah, sai ka haƙura da wannan."

Na riƙa juya huffin a hannuna. Ya ci gaba yana kallon bango, ba ni ba.

"Shekara nawa ina cin tuwon Tanko? Kana tsammani makaho ne ni? Ban ce na gane ba, Ɗanjuma, kuma ni ba alƙali ba ne. Amanarka aka ba ni, a gidana kake. Nura kuwa daga yau otal zai riƙa sauka, ya cika surutu." Ya turo ɗan kwanon da ƙafa. "Sai magana ta biyu. Wa ya kwaɓa lallen nan?"

Na ce, "Uwa ce... Malam Tanko ne, ranka ya daɗe."

"Ka iya irinsa?"

"Na iya."

"Shekara da shekaru ina rina gemun nan yana fitowa kamar na bunsuru. Kwaɓa mini. Kuma da hannu za ka shafa, ban son cokali."

Na ce, "Alhaji, da hannu ai zai kama mini yatsu."

Ya ce, "To sai me? Wanda ya tambaya ka ce na gemuna ne."

A nan na fashe da kuka. Ya ce in tashi in yi abin da aka sa ni, ba ya son shirme. Na dafa shayi mai kauri, na matse lemon tsami, na kwaɓa, na durƙusa a gabansa ina shafa wa gemun nan lalle da yatsuna goma, hawaye na ɗiga a kwanon. Shi kuwa ya rufe ido yana jan carbi.

Ranar da yamma na shiga jirgin ƙasa zuwa Satwa, na kama ƙarfen riƙewa da jajayen yatsuna a gaban kowa, ban ɓoye su a aljihu ba. Hajiya Tabawa ta juya hannun nan gaba da baya ta ce, "Ke Jummai, gemun nan har bayan hannu yake kaiwa?" Na ce ai gemu ne mai yawa. Ta kai mini duka, muka yi dariya har tela ya buga mana silin daga ƙasa.

Har yanzu ina Muraƙƙabat. Gemuna na nan, muryata na ƙasan maƙogwaro, ƙafafuna na dahuwa a cikin huffi, kuma ban san ranar da zan ga Kano ba. Amma duk Dera ba gemun da ya kai na Alhaji Mudi ja, alhazai har tambayarsa sirrin suke yi. Wani lokaci rinin bai ko fara kodewa ba zai ce, "Ɗanjuma, kwaɓo lallen nan." Da farko na ɗauka tsufa ne ya sa shi son kwalliya. Daga baya na lura ba madubi yake dubawa ba kafin ya kira ni. Idan na miƙo masa kwanon abinci, yatsuna yake dubawa.